Labaraina, Sunan Adda

Ba shekarar da ciwon bushiya ya shiga shanu ba ce, wadda garken gidanmu na Malisa ya dawo abin da za a kora da tsinke. Ba kuma wadda ta biyo ta ba, da soja suka canza launin kuɗi, maza suka yi ta sintiri zuwa banki a Birnin Kebbi. Ta bayansu ce, damanar da ruwa ya dawo bayan fari, gero ya yi kai har muka ari rumbu. A kakar wannan shekara aka fara karanta littafin yarinyar a rediyo.

Na ce yarinyar don ba zan kama sunanta ba. Ɗiyata ce ta fari. Mu da muka fito daga gidajen Fulanin da suka zauna suka kama noma a kewayen Gwandu, ɗan fari ba naki ba ne a gaban mutane. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa, in an yabe shi ki yi kamar da wata ake. Ko faɗuwa ya yi a gabanki, sai ki jira wani ya ɗaga shi. Yaran yanzu in sun ji haka sai su ce mugunta ce. Kunya ce, kuma da ita ake gane ɗiyar gidan mutunci. A unguwarmu kuwa ba a taɓa samun wadda ta fi ni kunya ba, a tambayi kowa.

Ranar da aka yaye ta, yayata ta zo daga Kalgo ta goya ta ta tafi. Adda muke ce mata. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuwa malamin gona ne, mai keke da alƙalami a aljihu, shi ya sa yarinyar a boko tun ana ɓoye yara a rumbu don gudunta. Haka ta tashi tana ce wa Adda Inna, ni kuma tana ce mini Yafendo, wato ƙanwar uwa. Ban taɓa jin zafin wannan ba, don haka aka yi wa uwata, haka aka yi wa uwarta.

Adda mutuniyar kirki ce, ba zan ci amanarta ba. Hannunta a buɗe yake, kuma in ta dafa shinkafa da kifin gulbi sai ki lashe har gwiwar hannu. Amma Allah bai ba ta baki ba. In ta je kasuwa ta tarar an yi dambe har an fasa wa wani kai, ta dawo kika tambaye ta, sai ta ce an yi faɗa an raba. Ni kuwa ko akuya na gani ta ci wa wata tsaba, sai na ba da labarin har a manta da tuwo a wuta. Ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa, amma duk gidan da ake sussuka ko ɓarar gyaɗa a unguwarmu ni ake fara aika wa, ba don ƙarfin hannuna ba. Ba irin tatsuniyoyin yara da kowa ya sani nake yi ba. Nawa nake ƙullawa. In ɗauko halin wata da na gani a Malisa, in haɗa da abin da ya sami wani a bakin gulbi, in ɗinke su yadda ba mai ganin zaren.

Duk hutun kaka ana kawo yarinyar Gwandu ta ga ubanta da ƙannenta. In mata sun taru da la'asar ana ɓarar gyaɗa, sai ta sami wuri bayan turmi ta zauna, ta ba ni baya. Ni ma ban duba wajen. Amma ina jin ƙarar ɓawon gyaɗarta a cikin ta kowa, kuma in ta tsaya na san labarin ya kama. Masu daɗin ban fito da su sauran watanni ba. Ajiye su nake kamar irin shuka har sai ta zo. Ba wanda na gaya wa, ba kuma wanda ya tambaye ni.

Muna da katanga ɗaya da taubashiyata, ɗiyar goggona, wadda tun muna yara bakinta bai taɓa barina na huta ba. Ita ke da rediyo. Wata rana bayan azahar sai na ji ta ta kan katanga.

"Ke uwar kunya, zo ki ji ɗiyar da ba taki ba, ga ta cikin akwati."

Na ce ina tsintar shinkafa. Ta ce to shinkafar ta zo ta ji. Na ɗauki faifaina na koma gindin katangar, don nan ne inuwa ta faɗo.

Wani mai murya kamar ya sha mai ne ke karantawa, kullum kaɗan. Tun kafin mako ya zagayo na gane abina. Labarin wata ce ɗiyar tudu da aka kai aure bakin gulbi, tana tsoron ruwa, ko wanki ba ta yi sai an ɗebo mata, har ranar da jirgin mijinta ya dawo gaɓa ba kowa ciki. Ni na ƙulla shi, shekarar da aka haifi na ukuna. Yarinyar ta ba matar suna, ta sa ta yi makaranta, ta ƙara mata ƙawa da suruka, ta kuma wanke maganar ta koma irin ta Kano. Amma ƙashin nawa ne, nama kawai ta sa masa. Kuma naman ya zauna, wannan ba zan hana ta ba. Akwai wurin da ta sa matar ta tsaya tana kallon sawun mijin a laka, ni ban taɓa tunanin wannan ba, sai da na ajiye faifan.

Matan unguwa duk sun gane. Sai su shigo su ce, ashe abin a nono ake sha. In ce ban san abin da suke faɗi ba. In sun fita in ji kaina ya yi tsawo.

Da aka gama littafin sai aka kira ta hira. Ranar ne na fara jin muryarta ta yi doguwar magana, don a gabana ba ta wuce gaisuwa. Mai tambayar ya ce wa za ta gode wa a kan wannan baiwa. Na tsayar da hannuna. Ta ce, "Innata da ta riƙe ni a Kalgo. Duk abin da na rubuta tun ina 'yar makaranta, ita na fara karanta wa. Ba ta taɓa gajiya da saurarena ba."

Taubashiyata ta leƙo ta kan katanga, ɗankwalinta a karkace.

"Kin ji? Saurare. Ke kina ta zuba kamar kanya, ashe mai kunne ke da riba."

"Ai gaskiya ta faɗa," na ce. "Wanda ba shi da abin cewa dole ya iya saurare."

"To ki aika a gyara mana, a ce akwai wata a Gwandu."

"Wace wata? Ni ɗiyar wa na sani?"

Ta yi dariya har tana tari. Na san yarinyar ba za ta iya kama sunana a rediyo ba, kunyar da ke kaina tana kanta. Sanin bai hana ni ture tuwon ranar ba.

Daga nan abin nata ya yi ta gaba. Da ma koyarwa take a wata makarantar 'yan mata, sai aure ya kai ta Zariya, can wani kamfanin buga littattafai ya ɗauke ta. Na tambayi Adda, ta bayan fage, wane irin aiki ne. Ta ce ita dai ta ga takardu. Sai wajen mijinta na ji. Wai mutane ke kawo rubutunsu, ita ta zauna ta tsince tsakuwa, ta ce nan ya yi tsawo, nan ba a gane wanda ke magana ba, nan mutumin da aka kashe a farko ya dawo yana cin kasuwa. Maza masu gemu su kawo, ta mayar musu da shi duk jan alƙalami, su tafi su gyara su dawo suna godiya. Edita ake ce mata. Na ce a raina, wannan ai aikina ne, ni ma haka nake yi wa labari kafin in fito da shi, sai dai ni a ka nake yi.

Nata ma ba ta daina ba. Ta yi ɗaya a kan matan fataken albasa da ake bari da gida rabin shekara. Ta yi wani a kan wata malama da aka tura ƙauyen da ba a son ta. A shekarun nan ne littattafan soyayya suka cika kasuwa har malamai suna wa'azi a kansu, amma ban taɓa jin an sa nata a ciki ba. Kowanne ya fito, Kalgo yake fara sauka. Na gan su da idona, Adda ta jera su a kabad tsakanin kwanonin samira, tana goge musu ƙura da gefen zane. Gwandu kuwa atamfa ke zuwa, da sabulu da sukari, a ce a ba Baba ya raba. Littafi ko ɗaya bai taɓa zuwa da sunana ba. Na yi kuskuren faɗin haka a gaban taubashiyata.

"Ki yi mi da shi, ki rufe tulu?"

"Ita Adda karantawa take?"

"A'a, amma ita an san tana da kabad."

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, aka shirya taro a Birnin Kebbi don karrama 'yan ƙasa da suka yi suna, yarinyar tana ciki. Aka ce ta zo da mahaifiyarta. Adda ta aiko a gaya mini. Na ce ƙafata na ciwo, don abin da ya kamata in ce ke nan, uwa ba ta zuwa ta zauna ana yabon ɗiyar fari tana washe baki. Aka aika wa Adda mota har ƙofar gida. Waɗanda suka je sun ce leshi ta sa ruwan ƙwai, aka zaunar da ita a gaba, aka ce ta miƙe a gan ta, aka tafa. Ranar surfe na sa a turmi, ban farga ba sai da ya zama gari.

Abin da ya kawo ni wannan magana ya faru ne bayan haka, shekarar da mai ya yi wuya har direbobi suna kwana a layi. Adda ta zo Gwandu da kanta, abin da ba ta cika yi ba. Bayan ta huta na dama mata fura, sai ta ce:

"Ɗiyata ce ta aiko ni."

Na ce ina ji.

"Kamfaninsu sun yarda ta haɗa littafi na labaran matan ƙasarmu, yadda suke faɗinsu da bakinsu. Kowace za a sa sunanta da hotonta. Ta ce naki take so a fara da su, kuma su za su fi yawa."

Wallahi sai da na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi a tsakiyar bazara. Shekara nawa ina jiran wannan. Amma na ɗaure fuska na ce, "Ni in zauna gaban rikoda ina zuba kamar 'yar wasan kwaikwayo? Gaban wa? Ki ce mata ta nemi wasu."

A nan sai na tsaya na yi bayani, don na ga mutanen yanzu ba su san wannan ba. A wurinmu abin da kike so ba ki karɓarsa a miƙo na farko. Ko tuwo ne a gidan surukai sai kin ce kin ƙoshi. Aikin ɗan aike ne ya sake, ya nace, ya haɗa ki da Allah da darajar iyaye, sannan ki ce to, don ke. Da haka kin sami abinki, kunyarki kuma ba ta zube ba. Wanda ya ƙi ya san za a sake, wanda ya roƙa ya san zai sake. Uwa ɗaya ta koya mana wannan ni da Adda, a ɗaki ɗaya.

Adda ta ce, "To." Ta shanye furarta, ta yi sallar la'asar, ta tafi.

Na zauna jiran ta dawo. Sai labari ya zo cewa yarinyar ta sauka Kalgo da rikoda, tana zuwa Dangoma da Wurogauri tana ɗaukar tsofaffi. Wace tsohuwa ce a Dangoma? Na san su, labarinsu bai wuce saniya ta ɓata an gan ta ba. Nan na tuna mijin Adda ya daɗe yana fama da ƙafa ban je dubiya ba, kuma wannan ba daidai ba ne. Na shiga mota zuwa Birnin Kebbi, na sake wata zuwa Kalgo.

Da hantsi na isa. Suna ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida, an shimfiɗa tabarma, ga rikodar a kan kujerar tsugunno. Yarinyar ta taso ta durƙusa.

"Yafendo, sannu da hanya."

Na ce lafiya, ina duban Adda, na tambayi mai jiki. Amma na gan ta. Ta sa tabarau, ta yi jiki, goshin uwarmu ne sak a fuskarta. Na duba mara lafiya, na shige ɗakin Adda na saki labule na ce zan miƙe bayana.

Daga ciki ina jin kome. Yarinyar ta ce, "Inna, tunda Yafendo ta ƙi, ke ai kin sha jin su. Ba ni yadda kika riƙe. Fara da na matar da ke tsoron ruwa, asalinsa nake so, ba yadda na juya shi ba."

Adda ta yi gyaran murya. Na ji an danna abin.

"To, akwai wata mata. Mijinta dai bai mutu ba, kada ki damu, a tsibiri anka same shi. To ita wagga mata tana tsoron ruwa..."

Ban san lokacin da na ɗaga labulen ba.

"Adda, wa ya ce ki fid da shi tun bai nutse ba?"

"Ai tausayi yake ba ni," in ji ta.

"Tausayin naki ya kashe labarin. Matsa."

Na zauna a bakin ƙofa, na fuskanci Adda, kafaɗata tana wajen yarinyar. Adda nake ba labari, yayata ce, ba wanda zai ce na yi rashin kunya. In wata na zaune kusa da wani akwati yana juyawa, wannan ba ruwana. Na fara daga ranar da aka kawo amarya, ta ga gulbi ta zaci ƙasa ce ta ƙare. Kafin in kai ga jirgin da ya dawo ba kowa, matan maƙwabta sun cika gidan, wata da ludayi a hannu. Ina jin yarinyar tana juya kaset a hankali don kada ta katse ni.

Kwanaki na yi a Kalgo. Kullum in an karya kumallo sai in ce, Adda, na taɓa ba ki na mai gishirin nan da ya rantse ba zai sake magana da ƙaninsa ba? Ta ce a'a, ko da ta ji shi. In zauna. Rikoda ta fito da kanta. Tunda aka yaye ta ban taɓa zama kusa da ita haka ba, har ina jin ƙamshin man da take shafawa.

Ba ta katse ni, sai rana ɗaya. Ta dawo da na matar gulbi ta saurara, sannan ta ce, "Inna, tambayar mini Yafendo. Da jirgin ya dawo, me ya hana matar ta kira maza maƙwabta? Ga masunta ko'ina, don me ita da ke tsoron ruwa za ta shiga?"

Shekara da shekaru ina ba da labarin nan, mata suna kuka, ba wadda ta taɓa ganin wannan ramin. Na juya labarin a kaina, na nemo abin toshe shi. Sannan na ce, "Adda, gaya mata ranar kasuwar ƙetare ce. Maza duk sun haye tun da safe, ba kowa a gari sai tsofaffi da masu jego." Ta gefen ido na ga ta gyaɗa kai, ta ce, "Yanzu ya zauna." Ban taɓa jin yabon da ya kai mini wannan ba, har da na ranar da aka kai ni ɗaki.

Ana gobe za ta koma, ta aika aka kira mai hoto daga bakin kasuwa. Ya kafa abinsa, ya rataya wani zane mai furanni a jikin katanga. Matan maƙwabta suna nan, mijin Adda ma an fito da shi yana kan kujera. Yarinyar ta ce, "Inna, a gaya wa Yafendo ta shirya. Za a sa sunanta da hotonta a kan labaranta."

Na riga na sa zanena mai kyau tun safe, amma wannan don zafi ne. Na faɗi abin da kowace uwa ta gari za ta faɗa a gaban mutane.

"Ni wa? Wadda ta ci kashinta da fitsarinta ita ke da suna. A sa na Adda."

Na jira. Yanzu ne Adda za ta ce haba, ta rantse, ta ce in ban tashi ba ba ta yafe ba, matan nan su sa baki, a ja ni a zaunar gaban zanen ina cewa ku bar ni. Adda tana kallon tafin hannunta kamar yau ta fara ganinsa.

Yarinyar ta cire tabarau. Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Yafendo, ni ke tambaya. Abin da kika ce shi zan rubuta. Aikina ne, ba na sa wa mutum maganar da bai faɗa ba, ba na kuma sa sunan wanda bai yarda ba. Kin yarda a sa naki?"

A gaban mijin Adda, a gaban matan Kalgo, ɗiyar fari ta tsare ni da ido tana so in ce mata e, ina so. Da bakin wa? Boko ta koya mata tambaya, ba ta koya mata wanda ake aikawa ya tambaya ba. Na kau da kai na dubi Adda, na ba ta fili, na ƙara ba ta. Na ce, "A gaya mata ni magana ɗaya nake yi."

Adda ta ɗago ta ce, "Allah shi saka miki da alheri, ƙanwata."

Ta shiga ɗaki ta fito da leshin nan ruwan ƙwai. Mai hoto ya ce ta ɗan ɗaga haɓa.

Da safe yarinyar ta zo sallama, ta daɗe a durƙushe, kamar akwai abin da take jira. Na ce wa direban ya tuƙa a hankali, hanyar ba kyau.

Da motar ta tafi, na sami Adda a bayan ɗaki tana juya kifi a kan wayar banda. Ba kowa sai mu.

"Kin san ya kamata ki sake roƙo," na ce.

"Na sani."

Na zaci za ta ce ta manta, ko ba ta gane ba. Na shirya mata magana a kan wannan. Ba ta ko ɗago ba.

"Kin sani kika yi shiru?"

"Kowa ya gan ta sai ya ce ga goshin gidanku, ga bakin wance. Ba a taɓa cewa ga abin Adda ba. Ke kin haifi wasu bayanta, gidanki cike. Ni in na mutu mi za a nuna a ce nawa ne?"

"Sai ki nuna abin da yake naki."

"Ita ce tawa, kuma ke kika ba ni. Wannan ma ke kika ba ni, gaban shaidu. Ban ƙwata ba."

Ta juya wani kifin. Ranar na koma Gwandu. Kifin da ta ƙulle mini na ɗauka, don shi bai yi mini laifi ba.

Littafin ya fito shekarar da shugaban soja ya mutu ba zato. An ce akwai matan Dangoma da Wurogauri a ciki, kowace da ɗan nata, amma fiye da rabi na Adda ne, ga hotonta a bango ta ɗaga haɓa. Makarantu suka ɗauka. Jikokina na gidan nan suka riƙa dawowa suna karanta mini labaraina da ƙarfi, suna cewa na kakar Kalgo ne, wai ko ni ma na iya irinsu. Na ce ina ɗan taɓawa. Har ranar kasuwar ƙetare tana ciki, yadda na faɗa, ba ta canza ko kalma ba. Wannan karon an aiko mini da guda, da hannun yarinyar, ba ta hannun ubanta ba. Taubashiyata ta juya shi ta dubi hoton ta ce, "Kai, kin yi kyau a nan, har kin koma kama da Adda." Daga baya ta ce in ina so za ta je har Zariya ta faɗi gaskiya. Na ce in ta je kada ta dawo ta katangata. Abin da na bayar a gaban mutane ba na aika a karɓo mini shi ta bayan gida. Na yi abin da aka koya mini, kuma na yi shi daidai. Wadda ba ta yi nata ba ta san kanta.

Cikin waɗanda suka ga wannan, maigidana ya rasu, mijin Adda ya riga shi. Taubashiyata ma ta tafi, unguwar ta yi shiru har ba daɗi. Matan da suka cika gidan nan na Kalgo, na ji saura ɗaya, ita ma ba ta gane mutane. Yarinyar tana nan, ta bar kamfanin, kanta ya yi fari, har yanzu ana kai mata rubutu gida tana jan alƙalami a kai. Duk Sallah tana zuwa, ta sauka Kalgo, ta zo Gwandu ta wuni. Adda tana nan, kunne ya tafi. 'Yan jami'a suna zuwa wurinta da mota su ce ta ba su labari daga bakin mai shi, ta ce musu tsufa ya kwashe, su rubuta wannan ɗin, su yi hoto da ita, ta ba su goro. Sai ni. Adda ta girme ni, amma ta fi ni ƙwarin ƙafa, kuma ban ga alamar tana da niyyar riga ni tafiya ba.